Littafin Inji

Ni ne mai riƙe da littafi.
Ba don na fi kowa boko ba,
sai don birona ba ya ɓata
kuma matata ba ta bari in ci bashi.

Shafin farko ruwa ya taɓa shi, amma yana karantuwa:
Barau, buhun masara ɗaya.
Iya Kande, tunkiya mai ciki.
Ishaya da ƙannensa, aikin gini na kwana tara.
Malam Tanimu, fili bayan rijiya,
ya ce a rubuta aro, ba kyauta ba,
na rubuta aro.
Gida sittin da uku.
Gida huɗu suka ce sai sun gani.

Kafin wannan shafin me muke yi?
Mu sare rake, mu ɗaure, mu jera bakin titi,
mu zura wa hanyar Zariya ido
har mai mota ya zo ya yanka mana farashi
yana shan raken namu,
yana tofar da ɓawo kusa da ƙafafunmu.
Rake ba ya jira.
'Yan kwanaki a rana, ya fara tsami,
shi ma ya sani, mu ma mun sani.

Injin na hannu ne, daga Panteka muka ɗauko shi,
yana tari kamar tsohon da ya daɗe da taba.
Ranar da ya tashi, har kaji suka bar unguwa.
Ruwan rake ya gangara kore-kore,
ya tafasa a kasko, ya yi ja, ya yi kauri,
mata suka zuba a ƙananan kwanuka,
aka bar shi ya huce.

Mazarƙwaila ba ta tsami.
Ka ajiye ta a ɗaki, ta kai wata biyu tana kallonka.
Daga baya na gane
ba ƙarfe muka saya da tunkiyar Iya Kande ba,
jira muka saya.
Yanzu mai mota in ya zo
sai ya kashe mota, ya sauko, ya yi sallama.

Kada in yi ƙarya, akwai shafi na goma sha bakwai.
Dubu arba'in da ɗaya suka yi ƙafa.
Barau ya miƙe a taro, ya nuna ni da haɓa.
Kwana shida ban iya zama majalisa ba.
'Yata Dije ce ta zauna da fitila
ta bi layi-layi da yatsa:
kuɗin man da aka sha ranar kasuwar Maƙarfi,
na biya, ban rubuta ba.
Barau bai ba ni haƙuri ba.
Ya dai aiko da gyaɗa kwano biyu, na karɓa.

Ribar bara ba ta kai a yi guɗa ba.
An yi wa ɗakin shan magani kwano,
an canja bel sau biyu,
kowane gida ya tashi da abin sayen taki buhu ɗaya.
Ɗantala ya bar acaɓa a Kawo
ya dawo, shi ke tada inji da asuba.
Uwarsa ta daina tsayawa bakin titi in an ce an yi haɗari.

Gida huɗun nan, uku sun shigo.
Na huɗun, Shekarau, yakan kawo rakensa bayan isha,
ya biya kuɗin matsa kamar baƙo,
ya ce har yanzu yana dubawa.
Na bar masa layi a shafin farko,
ƙarƙashin tunkiya.

Saura shafi uku littafin ya cika.
Dije ta ce sabon, ita za ta riƙe.
Na ce to, a kai maganar gaban taro.